Rabin Maganar Pahoua

Duk ranar Alhamis da tsakar rana suke haɗuwa, a wani ɗaki marar taga da ke ƙarƙashin tsohon ginin sashen tarihi, bututun ɗumama gini na ta ƙwanƙwasa a saman kansu. Jami'a ce ta ba su ɗakin, ita ce kuma take aiko musu da fiza kwali huɗu, wadda kafin ta sauko matakala ta riga ta sandare. Sunan ƙungiyar Tebur Ɗaya. Ta ɗaliban digiri na biyu da na uku ce, irin waɗanda in sun shiga aji sukan waiga su ga babu mai kama da su: baƙaƙe, 'ya'yan 'yan ci-rani, masu nakasa, da waɗanda a duk danginsu su ne farkon taka jami'a.

Mutum biyu ke riƙe da ita a shekarar. Akwai Noemi Arredondo, wadda ke shekara ta huɗu a ilimin ƙasar noma. Iyayenta a mayankar shanu suke aiki a wani ƙaramin gari na Nebraska, kuma tun tana yarinya ita ke yi musu tafinta a asibiti da makaranta, don haka ta taso da ɗabi'ar shiga gaba a al'amarin mutane ko ba a sa ta ba. Sai Adrien Thibodeaux, ɗan Louisiana, mai karatun siyasa, dogo, mai fara'a, wanda in ya buɗe baki a taro har maƙiyinsa sai ya gyaɗa kai. Shi ke magana, ita ke aiki, kuma ba ta taɓa jin haushin rabon ba. Shugaba yake ce mata, ita kuma ta ce masa Sanata.

A watan Fabrairu Dakta Gwendolyn Halvorsen, mataimakiyar shugaban makarantar manyan digiri, ta sauko ɗakin da kanta. Mace ce mai taushin murya, kullum da gyale mai launi a wuya, in tana sauraro takan dafa ƙirji. Ta ce jami'a na son jin gaskiyar abin da ɗalibai ke fuskanta. Su tattaro mata shaida daga bakin mutanensu, ba suna, ba sashe, kuma babu mai gani sai kwamiti.

"Ku faɗi mai ɗacin," in ji ta. "Shi muke nema. Kuma don Allah ku riƙa ce mini Gwen."

Mutum ashirin da uku suka yi magana cikin makonni uku. Ta ƙarshe ita ce Pahoua Lor, 'yar ƙabilar Hmong daga birnin Saint Paul, mai shekara ta biyu a kimiyyar sinadarai, wadda ke sa na'urar ji a kunnuwa biyu. Da farko ta ƙi. Noemi ce ta bi ta har ɗakin gwaji, ta bi ta har tashar bas, tana ce mata in irinta ba su yi magana ba, babu abin da zai canja, kuma ita ta ɗauki alkawari babu wanda zai san bakinta ne. Ran da ta yarda, ta zauna a ƙarshen tebur, ba ta cire rigar sanyinta ba, ta yi magana tana kallon hannuwanta.

"Ranar da na zo nan na kira mahaifiyata na ce mata na sami gida. Abin da na gaya mata ke nan, kuma har yau na kasa komawa in ce mata ba haka ba ne. Shekara biyu ina zama a taron ɗakin gwaji ina kallon ƙeyar Farfesa Brandvold yana magana da allo. Na ba shi ɗan makirfon da ke haɗe da na'urata, abu kamar maɓallin riga, ya ce yana ɓata masa kwalar riga. In na ce a maimaita, sai ya ce wani ya rubuta wa Pahoua, mu dai mu ci gaba. Yanzu na daina tambaya. Kai kawai nake gyaɗawa, in koma gida in yi ta cankar abin da aka ce."

Adrien ne ya rubuta, kalma da kalma. Noemi ta cire sunaye, ta haɗa rahoto mai shafi arba'in, suka kai. Dakta Halvorsen ta karɓa da hannu biyu, idonta ya yi rau-rau, ta ce wannan takarda za ta girgiza ginin nan.

Aka kafa kwamiti. Kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti. A watan Afrilu aka aika wa kowane malami wani darasi na minti arba'in a kwamfuta, wanda malaman suka gano ana iya kunna shi a tafi shan kofi. A watan Mayu Pahoua ta shiga jarrabawar baka, wadda sai an ci ta ake ci gaba da digiri na uku. Wata biyu kafin nan ta cika takardar neman mai rubuta magana a allo, takardar ta ɓace a wani ofis, ranar jarrabawa ba a turo kowa ba. Farfesa Brandvold ya ce ko a yi yau ko ta jira baɗi. Ta ce a yi. Malamai biyar, ɗaki mai amsa kuwwa, biyu daga ciki masu gemun da ya rufe leɓe. Sau uku tana amsa tambayar da ba ita aka yi mata ba. Aka ce ta faɗi, amma tana iya sake gwadawa gaban mutanen nan dai.

Ba ta sake ba. Noemi ta taya ta loda kwalaye a motar yayanta, suka rabu ba wata doguwar magana. Duk bazarar Noemi tana gonar gwaji tana haƙa ramuka tana ɗibar ƙasa, takan ɗauki waya za ta rubuta mata saƙo sai ta ajiye.

Ƙarshen Agusta, ranar Litinin ta farko da dawowa, ta ɓullo ta gaban ɗakin karatu a kan kekenta, sai ta taka burki har ta kusa kifewa. An rataya wani ƙaton ƙyalle daga hawa na uku har ƙasa. Fuskar Pahoua ce, tana dariya, iska ta ɗaga gashinta, na'urar kunnenta ta fito sarai kamar don ita aka ɗauki hoton. Noemi ta gane ranar: walimar ƙungiya ce a bakin tafki, bara. A ƙasan hoton, da manyan baƙaƙe, an rubuta: RANAR DA NA ZO NAN NA SAMI GIDA. Sai sunanta, Pahoua L., ɗalibar digiri na uku.

Ta tsaya tana karantawa tana sake karantawa. Wasu iyaye da suka rako ɗansu suka tsaya a gindin ƙyallen suna ɗaukar hoto, uwar na cewa kai, wannan makaranta akwai mutunci. Noemi ta kau da kai. Ta tofar da yawu a ciyawa, ta jingine keken ko kullewa ba ta yi ba.

Mutum biyu ne kawai ke da rubutun da ke ɗauke da sunaye. Ta nemi Adrien a sashensu, aka ce ai ya tashi, yana ginin hukuma yanzu, hawa na biyu. Can ta same shi, cikin sabon ofis mai taga, da kwat, da wata shuka a tukunya wadda ko takardar kanti ba a cire mata ba. A ƙofar an manna: Ofishin Haɗin Kai da Kowa, Mataimakin Jami'i.

"Shugaba," ya ce, ya miƙe yana murmushi. "Yau nake cewa zan kira ki. Zauna mana."

"Kai ka ba su?"

Bai yi kamar bai gane ba, wannan kam ta yaba masa. Ya koma ya zauna, ya shafa fuska.

"'Yan yaɗa labarai ne suka ce suna son kalamai daga bakin ɗalibai. Gwen ta tambaye ni ko akwai wani abu mai ɗan daɗi a cikin abin da muka tara. Na tura mata wanda ke kwamfutata. Wallahi ban san ƙyalle za su yi ba."

"Mai sunaye ka tura."

"Shi ne a hannuna a lokacin."

"Kai ka rubuta maganar nan da hannunka, Adrien. Ka san abin da ya biyo bayan layin nan. Ka san kuma yarinyar ba ta makarantar nan."

"Na sani. Abin bai yi kyau ba, na yarda. Amma ki tsaya ki ji. An amince bana za a ɗauki mai rubuta magana na dindindin. Ni na matsa. Shekara nawa muna ƙasan can muna cin fiza mai sanyi muna rubuta wasiƙu, me muka samu? Wata biyu kawai na yi a nan. In babu namu a ciki, wa zai yi mana?"

"Za a ɗauka bayan ta tafi."

"Wasu za su amfana."

"Da ita ka sayi kujerar nan, ko da duka ashirin da ukun?"

Ya ɗago, fara'ar ta gushe. "Kin ga, kar ki zage ni a ofishina. Ke wa ya bi ta har tashar bas? Ni dai ban matsa wa kowa ya yi magana ba."

Maganar ta same ta inda ya nufa. Ta kalli shukarsa, ta fita.

Dakta Halvorsen ta gan ta ran Laraba. Akwai kwanon cakulan a tebur da kwalin tishu a gefen kujerar baƙi, an ajiye shi daidai inda hannu zai kai. Ta saurari Noemi har ƙarshe ba ta katse ta ba, hannu a ƙirji.

"Na ji ki, Noemi. Kuma na gode da kika amince da ni har kika kawo mini wannan fushin. Fushi ne mai daraja."

"A sauke ƙyallen nake so, Dakta."

"Gwen."

"A sauke shi, a kuma ba ta haƙuri a rubuce."

"Kin san duk ɗalibi yana sa hannu a takardar izinin amfani da hotonsa ranar da ya shigo. Na duba, ta sa. Kalmomin kuma nata ne, ba mu ƙara ko harafi ba." Ta tura mata kwanon cakulan. "Amma kin taɓo abu mai muhimmanci. Ina tunanin kafa ɗan kwamiti da zai duba yadda muke amfani da labaran ɗalibai, kuma ban ga wanda ya fi ki cancanta ba. Sannan ranar liyafar sababbin ɗalibai za mu ba Tebur Ɗaya lambar yabo. Na ware miki minti uku."

Noemi ta kalli bakin matar yana motsi, janbaki mai laushi, haƙora a jere. A mayankar da uwarta ke aiki akwai wani ɗaki da ake wanke tumbi, ta taɓa shiga tana 'yar shekara tara ta fito tana amai. Yau a ofis mai ƙamshin lemo ɗakin nan ne ya faɗo mata a rai. Ta ce za ta yi tunani.

Ran Asabar ta ari motar maƙwabciyarta ta yi tafiyar awa huɗu zuwa Saint Paul. Ta sami Pahoua a kasuwar Hmong, a rumfar abincin gwaggonta, da ƙyallen girki a ƙugu, tana daka gwanda ɗanya da barkono a turmi. Litinin zuwa Juma'a tana aiki a wani ɗakin gwajin ruwan sha, Asabar ta taya gwaggo. Ta yi ƙiba kaɗan. Da ta ga Noemi ba ta yi mamaki ba, ta zuba mata shinkafa mai danƙo da tsiren alade, suka zauna a wani benci suna fuskantar juna don ta ga leɓenta.

"Kin zo ki gaya mini ina rataye a ɗakin karatu," in ji Pahoua.

"Kin sani?"

"Sun buga shi a ɗan littafin da suke aika wa mutane ma. Ɗaya ya zo gidanmu, da sunana a ambulan, wai in zo in yi karatu a can." Ta yi 'yar dariya. "Mama ta yanke hoton ta manna a firij. Duk wanda ya shigo sai ta nuna masa. Ba ta karanta Turanci, amma ƙanena ya fassara mata, ta ce ai haka na gaya mata tun farko."

Noemi ta ajiye cokali. "Pahoua, laifina ne. Ni na ja ki. Zan yi duk abin da..."

"Tsaya. Wancan karon ma haka kika fara." Ba da zafi ta faɗa ba. "Kina da kirki, Noemi, amma kina son yaƙi, kuma da jikin wasu ake yin sa. Kin tambaye ni me nake so?"

"Me kike so?"

Pahoua ta murza shinkafa a tafin hannu.

"Ba na son haƙurinsu, ba na son komawa. Ina barci yanzu. Abin da ke damuna, wata mai kunne irin nawa za ta ga hoton nan ta tattara kayanta ta tafi wajen mutumin nan. Tunda sun fara maganata, a ƙarasa ta. Duka, da sunana, da sunansa. In za ki iya, ki yi. In ba za ki iya ba, ki ci abincinki, ba komai."

Liyafar sababbin ɗalibai a babban zaure aka yi ta, da rana, tebura da fararen ƙyallaye, kaza busasshiya da ganye. Mutum sun kai ɗari uku. Farfesa Brandvold bai zo ba, ba ya zuwa irin waɗannan. Adrien ya yi jawabin buɗewa, aka yi dariya inda ya so a yi. Sannan Dakta Halvorsen ta kira Noemi, ta miƙa mata wani gilashi mai siffar hannuwa biyu a haɗe.

Noemi ta ajiye gilashin a ƙasa kusa da ƙafarta. Ta ce duk wanda ya bi ta gaban ɗakin karatu ya ga wata mace mai suna Pahoua Lor, kuma an yanke mata magana a tsakiya, ta ba da izini a ƙarasa. Ta karanta maganar Pahoua, tun daga kiran mahaifiya har gyaɗa kai, da sunan farfesan. Ta ƙara da cewa Pahoua ta bar makarantar nan a watan Yuni, ta faɗi yadda jarrabawar ta kasance. Bai kai minti uku ba.

Zauren ya yi tsit. Noemi ta shirya wa komai: a kashe makirfo, a fitar da ita, a kira ta ofis ran Litinin. Tun a mota, a hanyar dawowa daga Saint Paul, take lissafa abin da za ta ce wa malamar da ke duba bincikenta in abin ya shafi digirinta.

Dakta Halvorsen ce ta fara tafi. Ta miƙe tsaye tana tafawa a hankali, hawaye a kumatu, teburin manya ya miƙe, sauran zauren ya bi. Ta hau dandamali ta rungume Noemi, turarenta ya cika mata hanci, ta karɓi makirfo.

"Kun gani ko," ta ce wa sababbin ɗalibai. "Wannan ita ce jami'ar da kuka zaɓa. Wurin da ɗaliba za ta tsaya ta gaya mana gaskiya a fuskarmu, mu kuma mu saurara. Ina alfahari da ke, Noemi."

Tafin ya ƙaru. Noemi na tsaye hannun matar a kafaɗarta, tana ganin mutane suna share ido suna komawa kan kazarsu. Da ta sauko, mai ɗaukar hoto ya tare ta da 'yar takarda, ya ce ta rubuta masa sunanta daidai, kar a yi kuskure a mujalla. Ta ce masa ba ta da biro, ta wuce. A banɗaki ta wanke wuyanta da sabulun hannu har sau biyu, ƙamshin bai fita ba. Gilashin kuma a dandamali ta bar shi, Adrien ya ɗauka ya kai ofishinsa.

Bayan mako uku aka sauke ƙyallen, wai lokacin tallan wasan ƙwallo ya yi. Farfesa Brandvold ya ɗauki sababbin ɗalibai biyu a shekarar. An ce an yi magana da shi. Tebur Ɗaya ta sami ɗaki a hawa na biyu, da kujeru masu laushi da abinci mai zafi, yawancin mutane suka bi, kuma Noemi ba ta ga laifinsu ba. Ta ajiye shugabanci a wasiƙa mai layi biyu. Ita da Adrien in sun haɗu a hanya sukan ɗaga wa juna hannu.

Mutum shida suka rage tare da ita, ba suna, ba ɗaki, a kicin ɗinta suke zama. Ba sa rubuta rahoto. In wani mai neman shiga ya rubuto yana tambayar wane malami ne na kirki, sukan kira shi a waya su gaya masa abin da suka sani. In nasu zai shiga jarrabawa, ɗaya ya riga shi zuwa ya duba ɗakin.

Haka a watan Disamba Noemi ta je sashen lissafi da ƙarfe takwas na safe, saboda wani Ignatius Redcloud, mai raunin gani, yana da jarrabawar baka ƙarfe goma. Ofishin Adrien ya tabbatar masa a rubuce cewa an kawo na'urar da ke ƙara girman rubutun allo. An kawo kuwa, tana kan tebur, sabuwa fil, a kwalinta, amma babu wayar da za a jona ta da wuta. Sakatariyar sashen ta duba aljihun tebur biyu ta ce ita dai haka aka kawo mata.

Noemi ta ɗaura gyale, ta taka cikin dusar ƙanƙara har sashen injiniya, inda ta san wani mai gyaran na'urori, ta aro waya. Ta dawo takalmanta sun jiƙe, ta durƙusa ƙarƙashin tebur tana jonawa. Sakatariyar ta tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi tana kallonta.

"Ku dai kuna burge ni," ta ce. "Ya kamata a rubuta labarinku a mujallar makaranta."

"Ki taimaka ki matsa daga hasken," in ji Noemi. "Ba na ganin ramin da zan jona wayar."